Gadon Da Ba A Raba Shi Gaban Alƙali

 Mako biyu ke nan muna zancen yaye da abincin da ya kamata a fara ba yaro. Yau zan ajiye yaro in koma kan uwarsa, gama akwai wani ciwo da ke ɗauke mana masu jego, wanda kusan ko wace unguwa ta san shi, amma ba a cika kiransa da sunansa ba.

Ga yadda ya kan zo. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci ƙauri, 'yan barka sun watse. Bayan kamar mako uku, ko wata biyu, sai a ga ƙafafunta sun soma kumbura. In ta ɗauko tulu daga bakin ƙofa zuwa madafa sai haki, kamar wadda ta yi gudu. Da dare ba ta iya kwanciya miƙe, sai ta tara matasai ta jingina, ko ta kwana zaune tana tari. Zuciya na bugawa fat-fat, ciki ya ɗaga, abinci ya fita ranta. Tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba, a ƙara itace, a ƙara kanwa a kunu. Wata kuma ta karkata baki wajen ɗakin kishiya. To, abin da likita ya kan gani in ya ɗauki hoton zuciyar dabam ne. Naman zuciyar ne ya saki, ta buɗe ta yi girma kamar tsohuwar salka, ba ta da ƙarfin tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ciwon ya kan faɗo ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa. Bari mu kira shi gajiyar zuciyar mai jego.

Ko'ina a duniya ana samunsa, amma ba daidai ba. A Japan sai an haihu kamar sau dubu ashirin kafin a sami mace guda. A Afirka ta Kudu, guda cikin dubu. A Haiti, guda cikin ɗari uku. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato kuwa, wani rahoto da likitoci Isezuo da Abubakar suka fitar a 2007 ya sami mace 1 cikin ko wace haihuwa 102. Gaskiya ne lissafin babban asibiti ne, inda masu wahala su ke taruwa, amma ko an rage masa wani abu, ai abin ya isa a zauna a yi zancensa. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon nan ya fi yawa a duniya duka.

Tun ba yau ba likitoci su ke neman dalili. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga abin da suka gani a 1978. Sun lura da cewa matan sun fi zuwa lokacin zafi da gumi, sun kuma lura da abin da ko waccenmu ta sani: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa kwano-kwano. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga jini. Zafi kuma yana sa zuciya ta ƙara aiki. Sabo da haka shekaru da yawa, in an ce ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, sai a ce laifin wanka ne da kanwa, a rufe littafi.

Sai dai zancen bai tsaya nan ba. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike da ya tattara mata 406 daga asibitoci 22 na Nijeriya, aka buga sakamakonsa a 2020. Mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma su ke, watau wajenmu. Da aka gwada su da masu jego lafiyayyu, ba a ga cewa masu ciwon sun fi sauran yin wankan jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Kafin wannan, an auna jinin masu ciwon a Yamai a 1992, da Kano a 2015, aka tarar yawancinsu suna da ƙarancin wani sinadari da a ke kira siliniyam, wanda jiki ke samu daga abinci kamar kifi da ƙwai da nama, da hatsin da aka noma a ƙasa mai shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga binciken Karaye shi ne, cikin matan da aka ci gaba da bi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara biyu ta cika. Yawancinsu matasa ne, masu goyo a baya.

Kada wata ta ce Malama ta wanke kanwa. Ban wanke ta ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, kunun kanwa ƙarin kaya ne gare ta, kuma ban ga amfanin ruwan da ke saluɓe fata ba alhali mai ɗumi ma yana wanke jiki. Amma ga tambayar da ke nan har yanzu. Mata biyu a gida ɗaya, tukunyar wanka ɗaya, ungozoma ɗaya, tuwo ɗaya, talauci ɗaya. Ɗaya ta yi arba'in ta fito tana sheƙi, ɗaya ta kumbura. Me ya raba su? Wani sashe na amsar yana cikin abin da ko waccensu ta zo da shi duniya.

Ku masu kiwo kun riga malaman makaranta sanin wannan. Wadda za ta sayi jar akuya a kara ta kan tambaya ko uwarta mai haifan biyu-biyu ce, don ta san 'ya tana bin uwa. Masu lambu kuma su kan haye Ƙonni su nemo irin albasar Galmi, ba su yarda da ko wane iri ba. Mutum ma haka ya ke. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, cikin kusan ko wace ƙwaya kuwa akwai wani siririn zare a naɗe, wanda masana ke kira Di-en-e, mu ce zaren gado. A cikin 1953 aka gane siffarsa a Kambirij ta Ingila, a 2003 kuma aka sanar da cewa an karance na ɗan Adam kusan duka. Rubutu ne mai haruffa iri huɗu kacal, amma jimlarsu ta kai wajen miliyan dubu uku, an kasa su cikin ɗauri 23. Ko wane mutum yana da ɗaurin nan kashi biyu, watau 46, kashi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Cikin rubutun akwai umarni wajen dubu ashirin, ko wanne da abin da ya ke gaya wa jiki ya ƙera: wannan na launin fata, wannan na jini, wancan na naman zuciya. Su ne ƙwayoyin gado.

Ku lura da bambancinsa da gadon dukiya. Wannan ba a jiran mutuwa kafin a raba shi, tun ran da ciki ya shiga an gama rabo. Ba a zuwa gaban alƙali, ba mai cewa ya yafe nasa, ba kuma mai cinye na maraya. Uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi, daidai wa daida.

'Yan makaranta, kun san abin da ke faruwa in na rubuta darasi a allo kuka kwafa, sa'an nan wadda ba ta zo ba ta kwafa daga littafin ƙawarta, wata kuma ta kwafa daga nata. In ta farko ta tsallake kalma guda, duk wadda ta ɗauka daga gare ta za ta tsallake. Haka rubutun gado ya ke. Yawancin kurakuran ba su da wata illa, su ne ma suka sa ba mu yi kama ɗaya ba. Amma jefi-jefi kuskuren ya kan faɗa kan wurin da ke da muhimmanci.

A cikin naman zuciya akwai wani abu mai kama da zaren roba, sunansa taitin, shi ne mafi tsawo cikin irinsa a jikin mutum duka. Shi ke taimakon naman ya miƙe ya koma, ya miƙe ya koma, wajen sau dubu ɗari ko wace rana, tun daga cikin uwa har ran da kwana ya ƙare. Akwai mutanen da umarnin ƙera taitin ya yanke musu a tsakiya, kamar igiyar guga da aka datse ba ta kai ruwa ba. A 2012 aka gano cewa cikin dangogin da zuciya ke saki tana buɗewa, kamar ɗaya cikin huɗu wannan ne dalili. Sai wasu likitoci suka ce, to, ai zuciyar mai jego ma haka ta ke saki, bari mu duba. A 2016 suka buga abin da suka samu cikin mata 172 na Amurka da Jamus da Japan: 26 daga cikinsu, watau 15 cikin ɗari, suna ɗauke da irin wannan yankakken umarni, kashi biyu cikin uku kuwa a taitin ne. A 2021 aka sāke da mata 469, aka sami kamar ɗaya cikin goma da yankakken taitin.

Me ya sa sai da haihuwa abin ke tashi? Jaki mai ɓoyayyen targaɗe, in yana yawonsa a bayan gari ba mai ganewa, sai ran da aka ɗora masa buhu biyu aka nufi kasuwa. Ciki shi ne buhun. Kafin mace ta haihu jinin jikinta ya kan ƙaru da kusan rabi, duk kuwa zuciya ce ke tura shi. Ga naƙuda, ga zubar jini, ga shayarwa, ga rashin barci. Lafiyayyar zuciya ta kan ɗauka ta sauke. Mai rauni tun asali kuwa, in aka haɗa mata da rama da hawan jini da haihuwa kusa-kusa da kanwa, sai ta durƙusa.

Ina so ku riƙe lissafin nan da kyau, don kada a fita da rabin zance. Goma sha biyar cikin ɗari ba duka ba ne. Mafi yawan masu ciwon ba a sami wannan alama gare su ba. Har wa yau akwai mutane da yawa masu yankakken taitin da su kan tsufa ba su taɓa jin kome ba. Iri dabam, ƙasa dabam, ruwan sama dabam. Iri ba mu da iko da shi, amma abincin mai ciki, da awo, da tazarar haihuwa, da yawan gishiri da kanwa, duk a hannun mutanen gida su ke.

Yanzu ga inda zancen ya shafi dangi. Irin wannan gado kwafi ɗaya ya isa, ko daga uwa ko daga uba. Wanda ke ɗauke da shi, ko wane ɗa da ya haifa yana tsakanin ɗauka da tsira rabi da rabi, kamar a jefa kwabo sama. Ba ya zaɓen mace ya bar namiji. Watau in an tabbatar wa mace da gajiyar zuciya bayan haihuwa, musamman in an taɓa yin irinsa a dangi, to, yayyenta da ƙannenta su ma abin ya shafe su. Ƙanwarta da ke da cikin fari ya kamata ta gaya wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko. Wanta da ya kan yi haki in ya hau tudu, ya daina cewa gajiyar noma ce. In kuwa ta wajen uba abin ya biyo, 'yan uba ma suna ciki, ko da iyayensu mata ba su ga maciji da juna. Na faɗi wannan ne musamman sabo da wata magana da a kan yi in yarinya ta kwanta ciwo a gidan miji, a ce daga ɗakin uwarta ta kwaso. Wa ya sani? Mai yiwuwa daga zauren ubanta ne. Namiji ba ya ɗaukar ciki, don haka nasa ya kan ɓuya har ya manyanta, sa'an nan a ce hawan jini ne ko tsufa.

Abu na biyu, haihuwa ta gaba. Wannan shi ne wurin da a ke asarar rayuka da yawa, shi ne kuma wurin da ya fi wuyar faɗi a gidajenmu. Mace ta sha magani, kumburi ya saɓe, ta koma daka da surfe, kowa ya ce ta warke. Saɓewar kumburi ba ita ce warkewar zuciya ba. Sai hoton zuciya, wanda a ke kira eko, shi ke nuna ko naman ya koma da ƙarfinsa. Ba ya ciwo, ba allura, wani ɗan abu ne a ke gogawa a ƙirji kamar hoton ciki. In bai koma ba, wani cikin yana iya zama ajalinta, likitoci kuwa su kan ce a dakata. Ko ya koma ma, ciki na gaba na asibiti ne tun daga farkonsa. Ku iyayen miji, ku gwaggwanni, a nan ne a ke bukatarku. Yarinya 'yar shekara goma sha tara ba za ta iya duban mijinta ta ce likita ya hana ba. Amma in Inna ta kira ɗanta ta ce, "Kai, ka bar ɗiyar mutane ta huta, jikan nan da ke hannu ya fi mini wanda ba a gani ba," ai magana ta ƙare. Wadda kuma ke shan maganin zuciya, in ta ga alamar ciki ta koma wurin likita da wuri, don wasu magungunan ba su dace da mai ciki ba, sai an canja mata.

Ba wannan kaɗai ne ciwon zuciya na gado ba. Akwai wanda naman zuciya ke yin kauri fiye da kima, ana samunsa ga kamar mutum 1 cikin 500, shi ne kan kayar da saurayi ƙaƙƙarfa yana tsakiyar gudu. Mazanku masu sauraron ƙwallo za su tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa a 2003 yana da shekara 28; da aka bincika, irin wannan kaurin aka tarar. Akwai kuma gadon yawan kitsen jini, kolestarol, ga kamar 1 cikin 250, wanda ke toshe hanyoyin jinin zuciya tun mutum bai yi furfura ba, ko da siriri ne. Hawan jini kuwa, wanda ya fi su duka yawa a cikinmu, yana bin dangi, amma ba ƙwayar gado guda ke kawo shi ba, ɗaruruwa ne ko wace da ɗan nata, gishiri da ƙiba da shekaru su cika sauran. Kada kuma a ɗora wa gado abin da ba nasa ba. Yaron da ya yi ta ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, aka kai shi wurin wanzami a cire beli maimakon a ba shi fenisilin, yana iya tashi da lalatattun ƙofofin zuciya. Wannan ƙwayar cuta ce, ana kuwa iya tare ta da kuɗi kaɗan.

Gado ma ba duka ne mugu ba. A 2006 wasu masana a Dalas ta Amurka suka ba da labarin cewa kamar 1 cikin 40 na baƙaƙen fatar da suka auna, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, suna da wani kuskuren kwafi da ke rage musu kitsen jini tun daga haihuwa. Cikin shekara 15 da aka bi su, toshewar hanyoyin jinin zuciya ta ragu gare su da kashi 88 cikin ɗari. Masu haɗa magani suka kwaikwayi wannan kuskure, a 2015 aka fara ba da allurar da ke yin aikinsa. Kun ga jinin Afirka ya ba duniya magani. Abin haushi, wani ƙidaya na 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka yi manyan binciken gado da su, kusan 78 cikin ɗari Turawa ne, 'yan asalin Afirka kamar 2 kacal, alhali mu ne muka fi kowa bambancin rubutun gado a tsakaninmu. Matan nan 172 da na ambata ma, ba daga Sakkwato ko Kano ko Tawa aka ɗebo su ba, inda ciwon ya fi ƙamari. An kafa wani shiri mai suna H3Africa a 2010 don a rage wannan giɓi, likitocin Nijeriya kuwa sun yi aiki a cikinsa. Ke 'yar aji shida da ke son ilmin halittu, ga aiki nan yana jiranki, ba wanda zai fi ki iya shiga ɗakin mai jego ya yi tambaya da harshen da za ta saki jiki.

Na san wata za ta tambaya, auren zumunci fa? Mu rarrabe. Cututtukan zuciyar da na lissafa kwafi ɗaya ke kawo su, ko bare aka aura suna iya bin 'ya'ya. Akwai kuma waɗanda sai kwafi biyu sun haɗu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar sikila, amosanin jini. Kamar ɗaya cikin huɗu na mutanen Nijeriya AS ne, lafiyarsu lau, amma in biyu suka yi aure ko wane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, ƙarancin jinin sikila kuwa shi ma yana wahalar da zuciya. A irin waɗannan ne auren ɗan wa da 'yar ƙane ke ƙara haɗari, don kakansu ɗaya, littafin da suka kwafa ɗaya. Jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin jini kafin a ɗaura aure. Ni ban ce a bar zumunci ba. Na ce a yi gwaji tun kafin a kai kayan sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba tukuna.

Akwai abin da na ke tsoro cikin rubuta wannan, gara in faɗe shi. Garinmu ƙarami ne, magana ba ta kwana. Ina tsoron a karanta a fara nuna gidaje, a ce gidan su wance masu ciwon gado ne, kada a nemi aure can. Wanda ya yi haka bai fahimci kome ba. Ba gidan da ba shi da nasa kuskuren kwafi, na wasu ne dai ya bayyana. Rabin 'ya'yan mai ɗauke da shi ma ba su ɗauka ba, cikin waɗanda suka ɗauka kuma da yawa ba za su yi ciwo ba. Yarinyar da ta san abin da ke danginta, ta je awo da wuri, ta haihu a asibiti, ta fi wadda ba ta san kome ba zama cikin aminci. In aka mai da abin gori, sai kowa ya ɓoye, ɓoyon kuwa shi ke kisa.

Gwajin zaren gado kansa yana da tsada, ba kuma abin da za a nema a ɗakin shan magani na ƙauye ba ne. Amma akwai gwajin da likitocin zuciya na ko'ina su ke farawa da shi, kuɗinsa littafin rubutu guda da fensir. Wannan aikinku ne, 'yan makaranta. Ki sami kakarki da hantsi, bayan ta sha fura, ki zauna kusa da ita. Kada ki faɗa mata da tambaya kamar ɗan sanda, kin san tsofaffinmu ba su son ambaton waɗanda suka riga mu, wata ma ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba. Ki ce, "Kaka, ba ni labarin 'yan ɗakinku, ku nawa ne wurin innarku?" Za ta ba ki fiye da abin da ki ke nema. Ke dai ki kasa kunne ga abu huɗu: wadda ta kumbura ko ta rasu cikin watannin jego, wanda ya faɗi farat ɗaya, ko aka wayi gari ba shi, bai kai shekara hamsin ba, masu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, da shekarun da abin ya same su, da yaran da suka yi ta ciwon gaɓoɓi suna rasuwa da ƙuruciya. Ki rubuta dangin uwa a shafi ɗaya, na uba a ɗaya, ki nuna wa ya haifi wa, har kakanni. In an ce miki mayu ne suka kama wance, ko iska ta buge wane, kada ki yi gardama, ki tambaya yadda ciwon ya fara, ki rubuta abin da aka gani da ido.

Kada ki tsaya a bakin iyaka. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin nan tsakanin 1898 da 1906, sun kuwa tarar da kakanninmu sun riga sun auri juna. Gwaggonki ta Ƙonni da kawunki na Madawa ko Tawa jininki ne, shafinsu ɗaya da na Gwadabawa da Gada. In wata 'yar'uwa ta yi jinya a Ƙonni ko Galmi aka ba ta takardu da Faransanci, kada a naɗe ƙosai da su. A adana cikin leda a ƙasan adaka, sunayen magunguna da lambobin awo likita zai gane su ko da wane harshe aka rubuta.

Ke kuma mai ciki ko mai jego, kumburin ƙafa kaɗan a watannin ƙarshe abu ne da aka saba. Amma in kin kasa kwanciya miƙe, ko numfashi ya tashe ki da tsakar dare, ko kumburi ya ƙaru bayan haihuwa maimakon ya ragu, ko kina haki kina zaune, a ajiye kanwa a ranar, a sauke tukunyar wanka, a nufi babban asibitin Illela, kada a ce sai an yi arba'in. In sun ga abin na hoton zuciya ne za su tura ki Sakkwato, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Ki tafi da katin awonki, da duk maganin da ki ke sha har na gargajiya, da littafin nan na ƙanwarki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincin mai jego, abin da za a sa a kunu a madadin kanwa, da yadda za a yi shi da abin da ke kasuwarmu. Masu aiko da wasiƙu, ku riƙa rubuta sunan garinku a sarari.